Wasiƙa zuwa ga aminina, lauyan dillalan hannun jari

Daga Maradi

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, ina sanar da kai cewa wasiƙarka ta iso, kuma sai da na karanta ta sau biyu kafin na ɗauki alƙalami, domin maganar da ke cikinta ta fi ƙarfin amsar gaggawa. Ka ce bayan shekara 26 kana tsaya wa kamfanonin dillancin hannun jari a Amurka duk lokacin da masu zuba jari suka kai su ƙara, wani ɗan'uwanka ya faɗa maka cewa ka ƙarar da ƙuruciyarka wajen kare masu kuɗi daga waɗanda aka cuta, kuma maganar ta tsaya maka a rai.

Ka san mahaifina, Allah ya jiƙan sa, dillali ne a kara, da la'adar tumaki da shanu ya ciyar da mu. Wata shekara, gab da Layya, wani mutum ya sayi raguna masu yawa ta hannunsa da niyyar ya fitar da su ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, sai naira ta karye a gaban sefa kafin ya sayar, ya dawo da rabin uwar kuɗinsa. Da ya dawo, bai ga laifin canji ba, bai ga na kwaɗayinsa ba, sai ya kai ƙarar mahaifina wurin sarkin dillalai cewa shi ya zuga shi. Wani dattijo da aka yi cinikin a gabansa ya miƙe ya shaida cewa da kunnensa ya ji mahaifina yana cewa a rage yawan ragunan, kasuwar ketare ba ta da tabbas a bana. Ba don wannan dattijo ba, da sunan gidanmu ya ɓaci a kara. A ganina aikin dattijon nan kake yi, sai dai kai da takardu da saƙonnin da aka ajiye kake kafa hujja. Ƙararrakin da ka ce sun yi muku ambaliya bayan rushewar babban bankin zuba jari na Amurka, Lehman Brothers, a watan Satumba na 2008, da yawansu irin na mai ragunan nan ne: kasuwa ce ta faɗi da kowa, mai hasara kuma yana neman wanda zai riƙe.

Amma zan zama maƙaryaci idan na ce duk ƙarar haka take, kuma kai da kanka ka fi ni sani. Akwai dillalin da ke sayar wa tsohuwa mai cin fansho hajar da ba ta dace da shekarunta ko ƙarfin aljihunta ba, akwai wanda ke taɓa asusun mutum ba da izininsa ba. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne mai juya kuɗin mutum, ya saya yau ya sayar gobe ba don wata riba ba sai don kowane juyi yana cire la'adarsa, har dukiyar ta zagwanye mai ita yana zaton ana yi masa hidima. Wannan cin amana ne tsagwaronsa. Ka taɓa gaya mini cewa idan ka buɗe takardu ka ga irin wannan, kakan rufe ƙofa ka ce wa shugabannin kamfanin su biya mutumin haƙƙinsa, su kuma sallami dillalin. Da wannan ya kamata ka amsa wa ɗan'uwan naka, domin lauyan mai ƙara ba ya shiga ɗakin da kake shiga, kuma ba za a saurare shi yadda ake sauraron ka ba.

Inda zuciyata ba ta kwanta ba shi ne wurin da ake yin shari'ar. Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1987, a shari'ar Shearson da McMahon, cewa yarjejeniyar kai rigima gaban masu raba gardama tana ɗaure mai zuba jari, kusan duk wanda ya buɗe asusu ya sa hannu a kan sharaɗin da ya rufe masa ƙofar kotu. Tun 2007 hukumar FINRA, mai sa ido kan dillalan hannun jari a Amurka, ita ce ke shirya wannan zama, mutum uku ne ke sauraron babbar ƙara, kuma abin da suka yanke da wuya a warware shi. Na yarda ya fi kotu sauri da sauƙin kuɗi. Sai dai kamfani yana zuwa da lauya irinka wanda ya zauna a ɗakin sau ɗari, mai ƙara kuwa ranar ce farkonsa, kuma sau da yawa bai ma san ya amince da hakan ba sai da rigima ta taso. A kara, mai saye da mai sayarwa duk sun san wanda zai raba su tun kafin a ce an sallama.

Abin da ya sa na matsa a kan wannan shi ne maganar ta fara iso mu. Kasuwar hannun jari ta BRVM da ke Abijan, wadda ta fara aiki a 1998 domin ƙasashe takwas na UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, har da Nijar, ba a shiga cikinta sai ta hannun kamfanonin dillanci da ake kira SGI, waɗanda hukumar AMF-UMOA ke sa wa ido. Manyan alhazanmu har yanzu sun fi yarda da fili da babbar mota da sito cike da wake, amma ƴaƴansu sun fara tambaya. Ni kaina na sa hannu a takardun buɗe asusu da Faransanci ba tare da na karanta sharaɗin rigima ba, kuma sai da wasiƙarka ta zo na ciro su daga akwati na duba.

Saboda haka ina roƙon ka, idan ka zo gida bayan damina kamar yadda ka ce, ka ba mu yini ɗaya a zaurena, in tara ƴan kasuwa matasa ka nuna musu abin da ake dubawa kafin a sa hannu, da takardun da mutum zai ajiye, da yadda ake gane la'adar da ta wuce kima. Na san dokar can ta sha bamban da tamu, don haka zan gayyato lauya daga Yamai ya zauna tare da kai. Ka aiko mini da ranar zuwanka da wuri domin in sanar da shi.

Iyalina suna gaishe ka. Ka miƙa gaisuwata ga uwargida da yara.

Wassalam,
Amininka na Maradi