Talabijin Ɗinku Lafiyarta Ƙalau, Saiti Ne Ya Ɓata Muku Fim

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana kan wani abu da ke jawo wa mutane ɓacin rai da asarar kuɗi a banza. Sana'ata gyaran talabijin ce a Sabon Gari, tun zamanin masu doron nan har zuwa shafaffun yanzu da kowa ke kira filasma. Da yawa daga cikin waɗanda ake ɗauko mini a Adaidaita Sahu, an naɗe su da bargo, babu abin da ya same su.

Ƙorafin iri biyu ne. Wani ya ce fim ya yi masa wani irin santsi, kamar bidiyon biki da aka ɗauka da waya. Wani kuma ya ce da zarar kyamara ta juya gefe sai hoton ya riƙa tafiya yana ɗan tsalle-tsalle. Tushensu ɗaya.

Fim ba motsi ba ne, hotuna ne tsayayyu da ake jerawa da sauri har ido ya ɗauka motsi ne. Tun ƙarshen shekarun 1920, da aka fara fim mai magana, masana'antar ta tsaya a kan hoto 24 a kowane sakan. Da haka iyayenmu suka kalli finafinan Indiya a sinimar Marhaba da Plaza, da haka kuma ake ɗaukar yawancin manyan finafinai har gobe. Ita kuwa talabijin ta yau tana sabunta fuskarta sau 50 ko 60 a sakan, masu tsada har sau 100 ko 120. To, 24 ba ta raba 60 daidai. Sai talabijin ta nuna hoto ɗaya sau uku, na gaba sau biyu, na gaba sau uku, haka dai. Wannan rashin daidaiton shi ne tsalle-tsallen da ido ke kamawa. A tashoshinmu na Najeriya, da ke kan tsarin hoto 25, dabarar da aka saba ita ce a ɗan ƙara wa fim gudu, shi ya sa fim na awa biyu yake ƙarewa da ragin kusan minti biyar ba wanda ya lura.

Masu ƙera talabijin sun nemo magani, amma a ganina maganin ya fi ciwon. Sun sa wata 'yar ƙwaƙwalwa a ciki da ke duban hoto na ɗaya da na biyu, ta yi hasashen abin da ya kamata ya kasance a tsakaninsu, ta zana shi da kanta ta cusa. Hoton da darakta bai ɗauka ba, kyamara ba ta taɓa gani ba. Kamar a tsuga ruwa a kunu ne don ya ishi jama'a: ya yi yawa, amma ba shi aka dama ba.

Kwanaki wani ango ya kira ni gidansa a Gwammaja. Talabijin ce mai inci 55 da ta zo cikin kayan ɗakin amarya, an kafe ta a bango, ko ledar gefenta ba a ɓare ba. Ya ce, "Baba, ina jin jabu aka sayar wa surukaina, kuma kunya ta hana ni faɗa musu." Na ce ya sa fim. Ya sa wani na Indiya da aka fassara, aka zo wurin rawa. Na ce kada ya kalli fuskar yarinyar, ya kalli hannunta daidai lokacin da ya gifta ta gaban ƙarafan taga. Nan ya ga abin da nake nufi: wata inuwa mai rawa ta kewaye hannun, ƙarafan suka lanƙwashe suka koma daidai, gefen mayafinta ya yage ya haɗe. Ƙwaƙwalwar ce ta rasa gane ina hannu ya ƙare, ina taga ta fara. Na karɓi rimot, na shiga saitin hoto, na kashe abu ɗaya. Amarya daga bakin ƙofa ta ce, "Yawwa, yanzu ya zama fim." Kuɗin mota kawai na karɓa.

Wahalar ita ce kowane kamfani da sunan da ya raɗa wa abin. A LG ana kiransa TruMotion, a Sony kuma Motionflow, a Samsung za ka gan shi da sunan Auto Motion Plus ko Picture Clarity. A sauran, nemi duk inda aka rubuta Motion a ƙarƙashin saitin hoto. Kashe shi, ko ka rage shi zuwa ƙasa sosai idan tsallen yana damun idonka. Wanda talabijin ɗinsa sabuwa ce ya duba ko tana da Filmmaker Mode, tsarin da ke kashe santsin, wanda aka sanar a 2019 bayan masu shirya fim a Amurka sun daɗe suna kuka. Har Tom Cruise, jarumin finafinan Amurka, sai da ya fito a wani gajeren bidiyo a ƙarshen 2018 yana roƙon mutane su kashe wannan santsin. Idan babu Filmmaker Mode, zaɓi Movie ko Cinema. Da farko hoton zai yi maka kamar ya dushe, domin idonka ya saba da launi mai kururuwa. Ba shi kwana biyu.

Ban ce santsin ba shi da rana ba. Masu gidajen kallon ƙwallo suna sonsa, kuma ba na musu da su, ko da yake na sha ganin ƙwallo ta rabu biyu a sama idan an buga doguwa. Ƙwallo daban, fim daban. Yawancin talabijin suna riƙe saitin kowace kafar HDMI, wato inda ake jona wayar dikoda da makamantanta, dabam, don haka kana iya barin ta dikoda da santsinta, ka kashe na wadda kake kallon fim.

Akwai kuma tsallen da babu rimot ɗin da zai gyara shi. Fim ɗin da aka tura maka a waya ko filash a shagon masu turi, an matse shi don ya yi ƙarami, an juya shi daga wannan tsari zuwa wancan, wasu hotunan sun zube a hanya, wasu an maimaita su. Abin da ya zube ya zube. Haka shirin 'yan Kannywood da aka ɗauka a kan hoto 25, idan na'urarka ta dage sai ta nuna shi a kan 60, zai yi ɗan ɗingishi, sai a ɗora wa mai ɗaukar hoto laifin da ba nasa ba. Wanda dikodarsa ke da zaɓi tsakanin 50Hz da 60Hz, wato sau 50 ko 60 a sakan, ya bar ta a kan 50 don tashoshin gida.

Kirana na ƙarshe ga 'yan'uwana masu shagunan kayan lantarki ne. Na san dalilin da ya sa kuke barin talabijin a kan Vivid ko Dynamic: a cikin hasken shago, wadda ta fi ƙyalli ita ke tsayar da mai wucewa. Amma ɗakin mutum ba shago ba ne. Kuma ku daina nuna wa mai saye lambar 120 ko 240 da ke jikin kwali kuna cewa gudun fuskar ke nan, alhali sau da yawa lambar talla ce, fuskar kanta 60 take yi. Yaron da kuke turawa ya kafe talabijin a bango, ku koya masa ya fitar da ita daga saitin shago ya mayar da ita na gida, ya nuna wa maigidan inda ake kashe santsin kafin ya karɓi kuɗin aikinsa. Minti biyu ya ishe shi.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai gyaran talabijin,
Sabon Gari, Kano.