A Daina Wanke Cikin Gaba Da Sabulu Da Kanwa

Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ban fili in yi magana da 'yan'uwana mata na unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi, har ma masu saida kayan mata a kasuwar Kejetia. Gaban mace lafiyayye yana da ɗan tsami ne, ma'aunin tsaminsa, wato pH, wajen 3.8 zuwa 4.5, wasu ƙwayoyi masu amfani da ke gadin wurin, wato Lactobacillus, ne ke samar da tsamin, su ke korar miyagun ƙwayoyin cuta. To mu kuma sai mu ɗauko sabulu mai ƙamshi ko Dettol ko kanwa mu dinga wanke har ciki wai tsafta, wasu ma su cusa alif da matsi don maigida, alhali duk wannan kashe masu gadin yake yi, daga nan sai ƙaiƙayi da farin ruwa mai ƙarnin kifi, a ce sanyi ne a ruga kemis a sayi antibayotik barkatai, abin ya ƙara dagulewa. Haba jama'a!

Ruwa zalla ya isa wanke waje, ciki yana tsaftace kansa. A sa wandon auduga, a dinga canza audugar al'ada kan lokaci. In wari ya canza ko launi, a je asibiti a gwada, musamman mai ciki.

Daga wata mai karatu, Aboabo, Kumasi.