Waƙar Tallan Waya: A Fara Tsara Ta Da Hausa

Ya Edita,

Ina so in yi tsokaci kan umarnin hukumar kula da tallace-tallace, ARCON, wanda tun Oktoban 2022 ya hana 'yan ƙasashen waje fitowa ko sa murya a tallan Najeriya. Mataki ne mai kyau, sai dai bai taɓo waƙar talla ba.

Tun zuwan wayar salula a 2001, kamfanonin waya kan tsara waƙar tallan talabijin da Turanci, daga baya a fassara baitocin a ɗora kan karin da aka riga aka gama. Hausa kuwa tana da karin sauti da dogayen wasula. Idan aka cusa baiti cikin daƙiƙa 30 kan karin da ba nasa ba, dole a gutsure wasali, sautin kalma ya karkace, mai kallo ya ji kiɗa amma saƙon ya wuce shi.

Ina roƙon ARCON ta sa a fara rubuta baitin Hausa kafin a yi masa kari, kuma masanin harshen ya saurara kafin a amince da tallan. A nan Jos akwai Kwalejin Talabijin ta NTA, ga mawaƙa da makaɗan kalangu da za su iya wannan aiki.

Naku,
Mai karatu daga Jos