Ƙarar alam na neman zauta ƙanwata

Assalamu alaikum Likita. Allah ya saka da alheri kan wannan shiri.

Maganar ƙanwata ce, shekarunta 23, ko shekara ba ta cika da aure ba. Jiya da hantsi na same ta kwance a ɗaki, ta saki labule, ta ɗaure kai tamau da ɗankwali tana amai. Mijin ya fita abinsa, wai shagwaɓa ce.

Alam ɗin wayarsa ne ke tayar mata da ciwon. Sau uku yake saita shi, ƙarfe 4:00 da 4:10 da 4:20, mai kukan jiniya, ya ƙure ƙarar, ya ajiye wayar tsakanin filonsu. Shi ko motsi ba ya yi, ita ce ke zabura gabanta na dukan uku-uku. Kafin a idar da sallar asuba ɓarin kanta na dama ya fara sara, daga bayan ido har ƙeya, ba ta son haske, ba ta son magana.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, ba da ka nake magana ba. Na auna jininta, 110/70. Babu zazzaɓi, wuyanta bai sanƙare ba, hannu da ƙafa lafiya lau. Na san ciwon ɓarin kai kan ɗauki awa 4 zuwa 72, nata ma wani lokaci sai ya kwana biyu. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ko ranar da kan ya lafa, faɗuwar murfin tukunya ko kukan injin markaɗe sai ta ce kamar ana soka mata allura a kunne. Ta koma wuni da auduga a kunne, na hana ta, don yawan toshewar ƙara wa kunne rashin jure ƙara yake yi.

Maganin ma shi ke sayo mata a kemis, farasitamol mai haɗin kafeyin, biyu da safe biyu da dare kusan kullum, don dai ta yi masa shiru. Alhali irin wannan haɗin, in aka riƙa shan sa kwana 10 ko fiye a wata, shi kansa yana jawo ciwon kai. Ga janareta da yake kwana da shi a bayan tagarsu, hayaƙin na shiga ɗaki. Na ce ya matsar da shi kamar mita 6, ya ce ɓarayi.

Wallahi ba shiga aurensu nake ba. Cikin ladabi na ce ya bar alam ɗaya, mai sautin da ke farawa a hankali, ya ajiye wayar a ɓangarensa. Buɗar bakinsa sai ya ce ba a asibiti muke ba. Mahaifiyarsa kuma ta dage iska ce. Ban ƙi addu'a ba, amma ai a haɗa da magani.

Af, ta yi ɓatan wata biyu, ba a kai ta awo ba tukuna, shi ya sa ban ba ta komai ba.

Likita, wajen likitan kunne zan fara kai ta ko na ƙwaƙwalwa? Kuma in mijin ya hana, laifi ne in gaya wa Baba ya aika a ɗauko ta gida har ta samu sauƙi?

Daga mai sauraronku a Zariya.