Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Neman Tallafin Karatu

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan uwa maza da mata.

A babban taron bara kun ɗora wa wannan kwamiti nauyin taimaka wa ƙannenmu na ajin ƙarshe a jami'a, da masu digiri na biyu da na uku, wajen neman tallafin ƙaro karatu. Ga yadda shekarar ta kasance.

Zamanmu na ranakun Asabar ne, a wani aji da aka ara mana a Tudun Wada. Yawancin masu zuwa ɗaliban Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) ne da na Kwalejin Fasaha ta Kaduna (Kadpoly), sai wasu da ke yin sammako daga Zariya. Makonnin farko sun tafi ne wajen rarrabe aya da tsakuwa, domin yaranmu sun haɗa komai a kwando ɗaya. Kuɗin NELFUND, asusun Gwamnatin Tarayya na ɗalibai, lamuni ne, biyan sa za a yi. Tallafin TETFund, asusun tallafa wa ilimi mai zurfi, na malaman manyan makarantu ne. Fulbright na Amurka, yadda ake gudanar da shi a Najeriya, ya fi karkata ga matasan malaman jami'a masu binciken digiri na uku. Wanda bai ko tafi bautar ƙasa ba, ɓata lokacinsa yake yi a ƙofofin TETFund da Fulbright. PTDF kuwa, asusun da aka kafa a 1973 don horar da ma'aikatan harkar man fetur, yana neman takardar kammala bautar ƙasa. Tallafin Commonwealth yana da hanya ta Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya, akwai kuma wanda ake nema ta jami'o'in Ingila. Mun tunatar da su cewa jiharmu ma tana da hukumar tallafin karatu da lamuni, kada a hangi na nesa a manta da na ƙofar gida.

Chevening shi ya fi cin lokacinmu, don shi kowa ke so. Gwamnatin Birtaniya ke bayar da shi tun 1983, na digiri na biyu mai shekara ɗaya. Sharaɗinsa ƙwarewar aiki ta shekara biyu, wato awa 2,800, da alkawarin dawowa gida na aƙalla shekara biyu bayan karatu. Sai rubuce-rubuce huɗu, ɗaya a kan jagoranci, kuma a nan ne muka ga inda gizo ke saƙa.

Wata ƙanwarmu daga Rigasa, mai sakamako na a zo a gani, ta ajiye biro ta ce ita ba ta taɓa jagorantar komai ba. Muka yi ta hira, ashe tun tana aji biyu take tara 'yan matan layinsu da yamma tana koya musu lissafi, ita ta je ta roƙi mai unguwa ya ba su zaure, ita ta lallashi iyayen da ke ɗora wa 'ya'yansu talla a daidai lokacin darasi. Na ce mata, "Ƙanwata, wannan ɗin da kika raina shi ake nema." Ta sunkuyar da kai ta ce ai yabon kai jahilci ne. Gaskiyarta, haka aka tarbiyyantar da mu. Amma mai tantancewa a Landan bai san Rigasa ba, abin da ke kan takarda kaɗai yake gani. Sai da ta sake rubutun sau da dama kafin ta yarda ta rubuta "na yi" a inda duk ta sa "an yi". A ganina wannan aiki na zama da mutum a tono masa labarinsa shi ne mafi amfani cikin duk abin da muka yi bana.

Akasin haka ma ya faru. An kawo mana rubutun samari uku, kusan kalma da kalma iri ɗaya, duk daga intanet. Mun mayar musu ba tare da gyara ko waƙafi ba.

Akwai inda muka gaza, kuma laifin namu ne. Ba mu fara zama sosai ba sai da aka riga aka buɗe shafukan nema, alhali manyan tallafin Ingila kan rufe kafin ƙarshen shekara. Wani ƙanenmu ya kammala komai, sai cikakkiyar takardar sakamako ta maƙale a makarantar da ya gama. Kullum a ce ya dawo gobe, har wa'adi ya wuce. Wani kuma malamin da zai rubuta masa takardar shaida ne ya manta. Fasfo ma ya riƙe wasu. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya faɗi don rashin ƙwaƙwalwa.

Batun kuɗi ma'aji zai karanta dalla-dalla. Abin da zan ce kawai, kuɗin jarrabawar Turanci ta IELTS ya fi ƙarfin asusunmu, kaɗan muka iya tallafa wa, kuma da yawa cikinmu ba su biya kuɗin wata-wata ba. Muna kuma jan kunnen iyaye: cike fom ɗin Chevening ko Commonwealth ko Fulbright kyauta ne. Duk wanda ya ce a tura masa kuɗi zai samo wa yaro gurbi, ɗan damfara ne, ko da a rukunin WhatsApp na dangi aka turo saƙonsa.

A shekara mai zuwa muna neman amincewarku mu fara zama tun watan Maris, mu kuma jawo 'yan aji uku, don su fara neman fasfo da gyara dangantaka da malamansu da wuri. Za mu ƙara duba DAAD na Jamus da Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, inda ake karatu a ƙasashe biyu ko fiye, domin bana ba mu ba su haƙƙinsu ba. Muna kuma buƙatar mata biyu daga cikinku da za su riƙa zama da ɗalibai mata, da wanda zai ara mana ƙaramin janareta. Mai niyya ya ga sakatare bayan an tashi.

Wassalam.
Sakataren Kwamiti