A daina huce haushi a kan nas-nas a asibitocin Sakkwato

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon fili in yi magana da 'yan uwana Sakkwatawa kan yadda muke mu'amala da ma'aikatan asibiti, musamman nas-nas da ungozomomi, waɗanda zagi da barazana suka zame musu abin kullum.

Duk mai zuwa asibiti a watan Agusta da Satumba ya san yadda zazzaɓin cizon sauro ke cika ɗakin yara. Ana kwantar da yara biyu a gado ɗaya, wasu iyayen na kan tabarma a baranda. A irin wannan daren na yi jinyar ɗan ƙanwata a wani asibiti cikin gari. Nas ɗaya ce a ɗakin, an ɗauke wuta, ta sa tocilan wayarta a baki tana laluben jijiyar wani jariri don ta sa masa ƙarin ruwa. Sai ga wani magidanci ya bankaɗo ƙofa, ya tsaya a kanta yana nuna ta da yatsa: "Wallahi in yaron ga ya mutu, ke kinka kashe shi!" Ba ta tanka ba. Ta gama, ta manna filasta, ta wuce gadon ɗansa, hannunta na rawa. Mu da ke wurin babu wanda ya ce masa kanzil, kuma wannan shirun namu shi ya fi damuna.

Ba nas ke sayen man janareto ba, ba ita ke ɗaukar ma'aikata ba, ba ita ta sa aka rubuto maka magani ka sayo a kemis ba. An bar jaki ana dukan taiki. Manyan asibitocinmu, irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, suna karɓar marasa lafiya daga ƙananan hukumomi 23 na jihar, har da Kebbi da Zamfara, ga kuma likitoci da nas-nas na ta tafiya Saudiyya da Ingila. Waɗanda suka tsaya su muke zagi.

Na san za a ce ai su ma suna da nasu wulaƙancin. Gaskiya ne, akwai mai tsawa ga mace tana naƙuda, akwai mai latsa waya ana jiran ta. Amma wannan yana da hanyarsa: a kai ƙara wurin shugaban asibiti, ko ofishin SERVICOM mai karɓar koke-koken jama'a a asibitocin tarayya, ko hukumar da ke ba nas-nas da ungozomomi lasisi. Mari ba ya cikin hanyoyin.

Jama'a da yawa sun ji cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti korar mara lafiyan da ke buƙatar taimakon gaggawa. Abin da ba a faɗa musu ba shi ne, wannan dokar dai ta ba ma'aikacin lafiya damar ƙin duba wanda ya zage shi, ko ya doke shi, ko ya neme shi da lalata, in ba mai taɓin hankali ba ne. Ina roƙon Ma'aikatar Lafiya ta Jiha ta sa a rubuta ɓangarorin biyu da Hausa da ajami, a liƙa a ƙofar kowane ɗaki. A kuma ajiye maigadi na gaske da dare a ɗakin gaggawa da ɗakin haihuwa, a taƙaita masu jinya, domin ba a yin aiki da mutum goma tsaye a kan gado ɗaya. Ma'aikaciyar da aka ci wa mutunci kuwa, asibiti ya tsaya mata har kotu, a daina cewa ta yi haƙuri don mai laifin ɗan wane ne.

Limamanmu na Juma'a su ma su sa baki a huɗuba kafin damina ta kankama.

Naku,
Wani mai karatu, Mabera, Sakkwato