Wasiƙa Daga Garwa Kan Maganar Ike Quartey

Garwa, Kamaru

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da mutanen Nima baki ɗaya. Mu nan alhamdu lillahi, sai dai zafi. Binuwai ya janye, duk yashi ya fito fili. Goron da ka aiko ya iso lafiya, Hajiya ta raba wa maƙwabta, ta ce a yi maka godiya, Allah ya ƙara buɗi.

Saƙon muryar da ka turo min daren Juma'a shi ya sa na ɗauki biro. Sau uku na saurare shi. Ka ce Ike Quartey ɗan dambe ne mai kyau, amma bai kai a saka sunansa a Zauren Gwarazan Dambe na Duniya da ke Canastota a jihar New York ba, tunda duk manyan da ya kara da su sun yi galaba a kansa. Wallahi maganar ta tsaya min a rai, kuma ba mai amsuwa ba ce a minti biyu na waya. Abin da ya fi damuna, daga bakinka ta fito, kai da kake zaune a Accra, tsakaninka da Bukom inda ya tashi bai wuce shiga mota ɗaya ba.

Ka tuna ranar da muka kalli kaset ɗin karawarsa da Oscar De La Hoya? An yi damben ne ranar 13 ga Fabrairu 1999 a Las Vegas, amma sai da aka yi makonni kafin kaset ya iso gidan kallon unguwarmu. Dala goma goma muka biya, muka zauna kan benci ɗaya, janareto na ƙara a bayan zana. A turmi na shida De La Hoya ya kai shi ƙasa da hagu, ɗakin ya yi tsit. Quartey ya miƙe, turmin bai ƙare ba shi ma ya shimfiɗe De La Hoya. Kai ne ka yi tsalle har ka zubar da shayin dattijon da ke gabanmu, muka yi ta ba shi haƙuri. Mutumin da ba a taɓa cin sa ba a lokacin, ɗan gatan Amurka, ga shi zaune a ƙasa, ɗan Ghana tsaye a kansa.

Na san abin da za ka ce, turmi na sha biyu. Gaskiya ne, an sake kayar da Quartey, an matse shi a igiya ana ta zuba masa naushi. Amma bai sake faɗuwa ba, kuma a tsaye ƙararrawa ta same shi. Alƙali ɗaya ya ba Quartey, biyu suka ba De La Hoya. Damben da alƙalai uku suka kasa haɗa baki a kansa, shi kake kawo min a matsayin hujjar cewa bai isa ba?

Ni ɗan mahauta ne, a gefen filin dambe na girma, kuma abin da nake gani a wurin Quartey ba ya cikin takardar alƙalai. A dambenmu hannu ɗaya ake ɗaure wa zare, shi ne mashi, da shi ake kisa. Ɗayan garkuwa ne, ana miƙa shi gaba a buɗe, a auna tazara, a kare fuska. Baba, Allah ya jiƙansa, yakan ce wa samarin da ke koyo a ƙofar gidanmu su riƙa kallon hannun zare, garkuwa ba ta kisa. To shi Quartey garkuwarsa ita ce mashinsa. Hannun hagun nan da sauran 'yan dambe ke taɓa abokin karawa da shi don neman hanya, shi soka shi yake yi kamar taɓarya, kan mutum ya yi baya, ƙafarsa ta rikice. Ya dunƙule hannuwa a fuska, ya riƙa takowa a hankali, hagun na fita tana komawa. Ba a banza ake masa laƙabi da Bazooka ba. Na kalli 'yan ajin kilo 67 da yawa tun daga lokacin, ban ga mai irin wannan hagun ba.

Kuma ba gaskiya ba ne a ce bai ci kowa ba. A watan Yunin 1994, a Faransa, ya karɓe kambun duniya na hukumar dambe ta WBA daga hannun Crisanto España ɗan Venezuela, wanda ba a taɓa cin sa ba, shi ne ma ya ƙwace kambun daga Meldrick Taylor. A turmi na sha ɗaya Quartey ya gama da shi. Daga nan sau bakwai yana kare kambun. A 1996 ya gama da Vince Phillips a turmi na uku, shi kuwa Phillips shekara na zagayowa ya lallasa Kostya Tszyu, wanda yau sunansa na cikin zauren. A shekarar dai ya ci Oba Carr, mutumin da kafin nan Felix Trinidad kaɗai ya taɓa cin sa. Da ya ajiye safar hannu, lissafinsa nasara 37, 31 daga ciki da kisa, kunnen doki ɗaya, rashin nasara huɗu. A huɗun nan babu wanda ya gama da shi kafin ƙararrawar ƙarshe, duk a hannun alƙalai aka ci shi. Biyu daga cikin waɗanda suka ci shi, De La Hoya da Winky Wright, suna cikin zauren. Da aka ba Vernon Forrest nasara a kansa kuwa a 2006, Quartey na ɗan shekara 36, 'yan kallo a New York ihu suka yi wa hukuncin.

Inda zan ba ka gaskiya shi ne zama. Quartey ya cika zama ba dambe. Bayan kunnen dokin da ya yi da José Luis López a Oktoban 1997, wata goma sha shida ya yi bai hau fili ba, har aka karɓe kambun a hannunsa ba tare da an doke shi ba, kuma daga wannan dogon hutun ya faɗa wa De La Hoya kai tsaye. Bayan Fernando Vargas ya ci shi a 2000 ya sake ɓacewa kusan shekara biyar. Wannan ya rage masa, kuma har yau ina jin takaicin da ba mu ga karawarsa da Trinidad ba.

To amma da wane mudu ake awo? An saka Arturo Gatti a zauren a 2013. Jarumi ne, ba na raina shi, kuma ya riga mu gidan gaskiya. Sai dai sau tara aka ci shi, kuma De La Hoya ɗin nan da ya sha da ƙyar a hannun Quartey, turmi biyar ya yi ya gama da Gatti a 2001. Abin da Gatti ya fi shi shi ne jama'a, talabijin ɗin Amurka ya nuna shi har kowa ya san shi. Masu jefa ƙuri'ar kuwa akasari marubutan dambe ne na can, wanda idonsu ya saba da shi shi suke tunawa. Tun da aka fara karramawar a 1990, 'yan Afirka nawa ka sani a ciki? Dick Tiger na Najeriya a 1991, Azumah Nelson naku a 2004, Brian Mitchell na Afirka ta Kudu a 2009. Ina sauran?

Wataƙila abin da ya sa nake jin zafin maganar, mu ma nan mun ɗanɗana. A Oktoban 2023 a Riyad, Francis Ngannou namu na Kamaru ya kai Tyson Fury ƙasa a turmi na uku, garin nan ya ɗauki ihu da tsakar dare, ƙarshe alƙalai biyu suka ba Fury. Sannan ka tambayi samarin majalisarmu wane ne Joseph Bessala, da wuya ka samu mai amsa. Alhali shi ya fara kawo wa Kamaru lambar Olamfik, azurfa a Meziko a 1968, kuma a ajin nauyin Quartey ɗin nan. Haka yayan Quartey, Clement, shi ne baƙar fata na farko daga Afirka da ya ci lambar Olamfik, azurfa a birnin Rum a 1960. Gida ɗaya ya fitar da mutum biyu irin waɗannan. In na can sun manta, ban so in ji na gida ma yana taya su.

Ga roƙona. Damben na nan a YouTube, ka sa babban ɗanka ya buɗe maka, ka zauna ka kalle shi tun daga turmi na farko, ka rufe sauti don kada masu sharhi su ja ka, ka riƙa ƙirga hagun nan da kanka. In ka gama ka faɗa min turmi nawa ka ba kowa. Kuma in wata rana hanya ta bi da kai Bukom, ka leƙa ɗaya daga cikin gidajen horon nan ka ɗauko min hoto, ina so in nuna wa yara.

A gaishe min da maiɗakinka da yara. Mutanen majalisa duk suna gaisuwa, suna tambaya ko za ka zo babbar salla.

Wassalam,
Naka har kullum, amininka na Garwa